Mai Renon Ƙwayoyi

Yayata Mai Reno muke ce mata, alhali ko ɗa ɗaya ba ta da shi. Ƙwayoyin halitta take reno a ɗakin bincike na jami'a. Ni ban yi nisa a boko ba, kitso ne sana'ata, amma na taɓa kai mata abinci na leƙa ta gilashin ƙofa. Wasu 'yan kwalabe ne kwance da jan ruwa a ciki, an jera su a akwatin ɗumi.

Na ce, "Yaya, ina 'ya'yan naki?"

Ta ce sai da madubin likita ake ganinsu. Na ce to, Allah ya raya.

Kada ku ɗauka wasa ne. Jan ruwan nan shi ne abincinsu, in ba a canja ba su mutu, aikin watanni ya bi ruwa. Ba Asabar ba Lahadi. Ranar da aka kwantar da Baba a asibiti ma sai da ta zame ta je ta ciyar da su. Kuma duk kyauta! Tun da ta gama digiri na biyu Farfesan da ya koyar da ita ya ce ta zauna tana taya shi, da an buɗe gurbin mai bincike nata ne. "Ke 'yata ce," in ji shi. Umma har addu'a take masa.

Sai aka kawo sabuwar na'ura mai karanta ƙwayoyin gado, aka ce a tura mutum ɗaya ya koyo aikinta. Yaya har ta sauko da jaka. Farfesa ya ce, "In kin tafi wa zai kula da ƙwayoyin? Hannunki kaɗai suka sani."

Ta dawo baki har kunne, wai an yabe ta. Na ce, "Yaya, wannan daɗin bakin romon baka ne." Ta ce ni me na sani ban da tsaga kai.

Aka tura Ɗan Turare, wani da ya zo bayanta, ita ta koya masa sa safar hannu.

Da gurbin ya fito, sharaɗin farko: sai wanda ya koyi aikin na'urar. Ta je ganawar ɗaukar aikin duk da haka, ni na goge mata riga. Farfesa na zaune a tsakiya, ya gyara tabarau kamar bai taɓa ganinta ba, ya ce, "Malama, kin samu horo a kan na'urar nan?"

Malama fa! 'Yar tasa!

Ɗan Turare aka ɗauka. Ranar Asabar na ga tana sa takalmi, na tare ƙofa.

"Wallahi in kika koma ba ki da zuciya."

"Matsa. Su ƙwayoyin ba su yi min laifi ba."

Da la'asar ta dawo, ba makullin ɗakin binciken da ta saba ratayawa a wuyanta. Ta ce ta daskarar da su a tukunyar sanyi, za su yi ta barci har sai wani ya tashe su.

Na saki tsinken kitso. "Tsaya. Dama ana iya daskarar da su?"

"Ana iyawa."

"Lokacin horon fa?"

"Na faɗa wa Farfesa. Ya ce aikinsa zai yi jinkiri."

Ta zauna a tabarma ta zame ɗankwali. Rabon da ta samu lokacin kitso har na manta. Na ɗauko mataji.