Ragar Kawu

Jiya aka buɗe gasar ƙwallon kwando ta bana a Yamai. Jifana na farko ya shiga, raga ta yi shuu, 'yan kallo suka miƙe. Ni ban ji komai a raina ba, sai warin kifi da ya dawo mini hanci.

Kawuna masunci ne a garinmu Gaya, bai san dokar wasan nan ba. Amma kowace shekara yakan zo filin unguwarmu da tsohuwar komarsa, ya yanki gefe ya saƙa mana ragar kwando. Takan yi wata biyu tana warin kifi. Wata rana na ce, "Kawu, ko babu raga ai ana ba da maki." Zare na bakinsa, ya ce, "Ɗana, abin da ya shiga ba a ji ba, wa zai shaide shi?"

Bara ya rasu muna wasan ƙarshe na cin kofi, ban sami jana'iza ba. Da na je gida na yi jifa a filin, ƙwallo ta ratsa ƙarfen kwandon shiru, babu raga.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya sami masu shaidarsa a can.