Ƙugiyar da Ta Faɗi a Hanya

Mahaifina manomin albasa ne a Danwarai. Da ajami yake karatu, bokonsa kuwa bai wuce na gane lambar mota ba. Ni ne aka tura jami'a a Aliero na karanta kwamfuta, na dawo ina koyarwa a wata sakandare a Jega. Tun daga nan ya daina kiran sunana, sai dai Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

Wanda bai san albasa ba yana ganin wahalarta a gona take. Wahalar tana bayan cira. Ana shimfiɗa ta a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ƙarƙashin rufin ciyawa tana shan iska, ana jiran kasuwa ta gyaru. Ba a zuba ta a buhu sai mota ta kusa, don in ta daɗe a ɗaure zafi zai dafa ta. In kuma aka bari damina ta kankama tana kwance, laima ta shige ta, sai ruɓa. Saboda haka duk rayuwar mai albasa a watannin nan tambaya ɗaya ce: yau a zuba a buhu, ko a ƙara jira?

Ƙungiyar manoman yankinmu ta nemi in yi musu hanyar da za a riƙa sanar da kowa lokaci guda ta saƙon waya. Ba su da injin da zai kwana a kunne, wuta ma ba ta zama, don haka na yi abin da masu sana'armu ke yi yanzu. Na rubuta ɗan ƙaramin aiki na aika shi can cikin injunan wani kamfani a ƙasar waje, abin da ake kira gajimare. Aikin barci yake yi a can. Sai sakataren ƙungiya ya danna a wayarsa, sannan ya farka, ya watsa saƙo, ya koma barci.

Sai dai ba wanda ke rubuta irin wannan aiki duka da hannunsa. Akwai kayan aro, guntayen aiki da wasu suka rubuta suka bari kowa ya ɗauka: wannan ya iya magana da kamfanin waya, wancan ya iya jera haruffa. Injin da ke can kuwa ɗaki ne babu ko tabarma. Duk abin da aikinka ke buƙata dole ka haɗa shi cikin ƙunshi ɗaya ka aika, abin da ka manta babu maƙwabcin da zai ara maka. Masu kayan aron kuma kullum sauya su suke yi. Don haka na zaɓi kowanne, na gwada shi a irin injin da ke can, na ɗaure shi a kan lambar da na gwada, yadda ko sun fitar da sabo nawa ba zai motsa ba. Na sha wuya kafin in sami wanda ke wucewa da haruffanmu masu ƙugiya ba tare da ya ɓata su ba. Yana da nauyi, ya kusa cika iyakar da kamfanin ya yarda ƙunshi ya kai, amma ya shiga.

Dattawan ƙungiya ne suka zaɓi kalmomin saƙon. Sun ce ba sa son dogon rubutu. In mota na tafe, a ce "Ku ɗaure." In kasuwa ba ta yi ba, a ce "Ku daure." Abin ya ba su dariya ƙwarai, dama haka suke faɗa wa juna a bakin rudu, kuma a baki ba mai rikita su. Na zauna da mahaifina a zaure na nuna masa bambancin a fuskar waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce a ajami haruffan nan biyu ko kama ba su yi ba, mutanen boko ne suka yi rowar tawada.

"To Malam, in nig ga ƙugiya bisa kai nai, in ɗaure. In babu, in yi hanƙuri."

"Haka ne, Baba."

"Shi ke nan, na riƙe."

Kakar farko abin ya tafi lafiya lau. Mahaifina ya riƙa zaro waya a kasuwar Aliero yana nuna wa mutane ƙugiyar da yatsa, har kunya ta kan kama ni.

Da abin ya yi suna, sai masu tallafi suka shigo. Suna so a haɗa manoman Maiyama da na Jega a tsari ɗaya, suka turo ma'aikacinsu, wani Bahaushe ɗan birni mai fara'a, wanda ya san aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Shugaban ƙungiya ya kira ni gidansa ya ce in miƙa masa mabuɗin shiga. Na miƙa. Na zauna da mutumin na buɗe masa ƙunshin, na nuna masa kayan aron nan mai nauyi, na gaya masa dalilinsa. Ya yi murmushi ya ce yana da abubuwan da zai ƙara, wuri ba zai isa ba, kuma akwai sabo mara nauyi da kowa ke amfani da shi.

Na ce sabon yana goge ƙugiya, yana ɗaukar ta datti ne a jikin harafi.

Ya ce, "Haba malam, wa yake sa ƙugiya a saƙon waya? Duk ƙasar Hausa haka muke rubutu, kuma kowa yana ganewa."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, ni kaina haka nake rubuta wa abokaina. Na ce masa to a nan ba haka ba ne, akwai kalmomi biyu da ƙugiyar kaɗai ta raba su, in zai cire kayan to ya sauya kalmomin. Ya ce zai duba. Na koma wurin shugaba na maimaita. Ya ce, "Yaro, ka yi naka, Allah shi yi ma albarka. Bari manya su yi nasu." Aka cire lambata daga cikin masu samun saƙo, tun da ni ba manomi ba ne. Na gaya wa mahaifina abin ya bar hannuna. Ya ce hannun wa ya gina shi? Bai ƙara saurarena ba.

A shekarar nan kasuwa ta ƙi tashi, aka yi ta samun "Ku daure," kuma daidai ne, don haka ba wanda ya lura da komai. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Sai labari ya zo wa sakatare cewa motocin kudu na ƙarshe suna tafe. Ya danna inda ya kamata ya danna, wannan na tabbatar daga baya. Aikin ya farka a can, ya ɗauki kalmar, ya ba sabon kayan aron, shi kuma ya share mata kai tas ya aika.

Yawancin mutane ba su cutu ba, kuma wannan ma yana ci mini rai, don ba su cutu ba ne saboda ba su taɓa yarda da abin ba. Dillalai sun kira su, sun ga maƙwabta na ɗinke buhuna, suka bi. Maƙwabcin mahaifina ya tako har bakin rudunsa ya ce masa mota na hanya. Mahaifina ya zaro waya ya nuna masa, ya ce babu ƙugiya. Maƙwabcin ya ce to kira yaron ka ji. Mahaifina ya ce a kan me zai kira mutum yana aji, abin da ya riga ya koya masa baki da baki?

Motoci suka yi lodi suka tafi. Ruwa ya sauka, ya sake sauka.

Ranar da na je Danwarai, wari ne ya tare ni tun kafin in sauka daga babur. Na sami mahaifina a cikin rudu yana tsince masu sauran rai yana jefa ruɓaɓɓun gefe, tsibin gefen ya fi girma nesa ba kusa ba. Noman shekara guda ke nan. Na tsuguna na yi masa bayanin komai, ƙunshin, kayan aron, mutumin birni. Ban san nawa ya shiga kunnensa ba.

Masu tallafi sun gyara abin cikin yini ɗaya, suka mayar da saƙon dogon zance. Ba wanda ya zo ya yi wa mahaifina jaje. A kasuwa kuwa labari ya zama na injin ɗan wane da ya ruɓar da albasar ubansa, har yau in na wuce akwai mai ce mini, "Malam, a ɗaure ko a daure?" Ina jin zafin abin, kuma ban yafe ba. Ni na ɗaure ƙunshina da kyau, wani ya kwance.

Abin da na fi tunawa shi ne lokacin da na gama bayanin a cikin rudu. Ya goge hannu a riga, ya zaro wayar, ya lalubo saƙon, ya miƙo mini kusa da fuska.

"Duba min da kyau, Malam. Ko idona na ba su gani? Akwai ta?"

Na duba. Na ce babu, Baba.

Ya gyaɗa kai, ya mayar da wayar aljihu. "To ban yi kure ba," in ji shi. Ya sunkuya ya ci gaba da tsinta.