Gangar Jikin Aro

Wanda zai ce ƙarya nake ya ce, ni dai na san zan tsaya gaban Ubangijina, kuma wallahi abin nan a kaina ya faru, ba a gidan suna na tsinto shi ba. Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa wa farar hula mulki ba, ina aiki a wani shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Kada ku ɗauka 'yar boko ce ni tun tasowa. Sai da mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi ɗiyana suna yi mani dariya, daga nan na koyi tafireta, daga tafireta na faɗa kwamfuta, kuma na iya ta. Har yau da ita nake ci, shi ya sa in na zage ta na san abin da nake zagi.

Siyasa ta dawo, kowa na son fosta. Mutum zai shigo da ɗan hoton fasfo, yana sanye da rigar da ta koɗe, ya ce wa mai shagon, Oga Lawal, a mai da shi babban mutum. To ga yadda ake yi. A sa hoton a sikana, a yanke kan daidai wuya, a ɗora shi bisa gangar jikin wani mai babbar riga, a goge wurin haɗin har uwar da ta haife shi ba za ta gane ba. Muna da ma'ajiya guda a cikin na'urar cike da jikkuna marasa kai, duk na mutanen da suka taɓa kawo hotunansu a gyara masu, kuma ba wanda aka taɓa tambaya. Haka kowane shago ke yi, har musayarsu ake a diskit, ɗan faifan ajiya na lokacin, kamar yadda mata ke aron tukunyar biki. Waɗanda suka ƙera abin nan sun ba mu maɓallin yankewa, sun ba mu na liƙawa, amma ba su ga amfanin sa na neman izini ba, mu kuma muka ɗauka tunda na'ura ta yarda, ai ya halatta.

Akwai jikin da ya fi kowanne kyau. Farar shadda ce mai aikin hannu har ƙasa, mutumin yana zaune, ya ɗora hannun hagu bisa gwiwa, ɗan ƙaramin yatsan hannun a lanƙwashe kamar ƙugiya. Na san mai shi, don ni na karɓi hoton. Wani mai sayar da yadi ne, ba ruwanshi da siyasa, ya taso daga kasuwa da la'asar ya faɗa tsakiyar faɗan ƙauraye wajen Ƙofar Guga, wato 'yan daban da 'yan siyasa ke haya, aka sare shi da adda tsakanin wuya da kafaɗar hagu, kafin a kai shi asibiti jini ya ƙare. Matarshi ce ta aiko a faɗaɗa mata hoton ta rataye a ɗaki. Muka yi, muka mayar, amma Oga Lawal ya ga riga ta yi kyau, ya yanke kan marigayin ya jefa sauran cikin ma'ajiya.

Na farkon da aka ɗora wa jikin nan wani mai neman kansila ne. Fostarshi ba ta daɗe a bango ba aka far masu wurin taro, aka sare shi a kafaɗar hagu, ya rayu amma hannun ya mutu. Ba wanda ya yi mamaki, har ni, don a lokacin sara ya zama kamar gaisuwa. Na biyu shi ya sa na farga. Malamin firamare ne, ko katin jam'iyya ba shi da shi, kalandar aurenshi ya zo a yi mashi, ya ga rigar a allon kwamfuta ya ce ita yake so. Farkon damina aka yi wata iska da rana tsaka, ta kwaso kwanon rufin wani gida, malamin yana bisa kekenshi zai koma gida, kwanon ya zo a kwance ya shige mashi tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Maƙwabciyarshi da ta ga gawar ta ce mani kamar mahauci ne ya auna.

Na samu Oga Lawal yana cin gyaɗa na ce, "Oga, jikin mai yadin nan a fid da shi daga na'urar nan."

Ya ce, "Malama, me ya yi maki?"

Na faɗa mashi. Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi, ya ce hoto a cikin kwamfuta ba komai ba ne face lambobi, sifili da ɗaya, ya ce ashe ajin manya bai wanke mani camfi ba. Na ce, "To ɗora naka kan mu gani." Ya ce shi ba ya neman kansila. A gabanshi na goge jikin, na shiga kwandon sharar na'urar na sake goge shi, ya ɗaga kafaɗa ya ce in hakan zai sa in yi barci, bismilla.

Ku ji ni da kyau, ku masu latse-latse. Kalmar nan ta gogewa ita ce babbar ƙaryar da masu kwamfuta suka sayar wa duniya. Ba ta goge komai, kau da shi take daga idonka.

Ana nan 'yata ta haihu, na ɗauki hutu na tafi wajenta har bayan suna. Ranar da na dawo, da hantsi, ina bisa acaɓa mun kusa shago, sai na hangi fuskar ƙanena Hamisu a bango. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goye shi, ni na yaye shi da uwarmu ta kwanta ciwo. Na san yana ta zancen zai fito kansila, ina ce mashi ya kama sana'arshi ta gyaran rediyo ya rabu da mutane. Na ce wa mai acaɓa ya tsaya. Na matso. Ga Hamisu yana murmushi cikin farar shadda mai aiki har ƙasa, hannun hagu bisa gwiwa, ɗan yatsan a lanƙwashe.

Ban san lokacin da na isa shago ba. Na ci kwalar Oga Lawal a gaban masu jiran aiki, na haɗa shi da bango har agogo ya faɗo. Yana ta cewa, "Malama, sakar ni, alheri na yi maki, ƙanenki ne na ce a yi mashi mai kyau." Na ce ina ya samo jikin. Ya rantse da Allah a cikin ma'ajiya ya gan shi, a wurinshi na da, shi a zatonshi ma ni ce na mayar da shi. Ko gaskiya ya faɗa, ko daga diskit ya kwafo ya ji tsoron faɗi, har ya mutu ban sani ba. Na dai ga idonshi, kuma ba idon mai dariya ba ne ranar.

Na wuce wurin Hamisu. Na tarar da shi a ƙofar gida ana ta dama fulawar liƙa fosta a bokiti. Na ja shi zaure na faɗa mashi komai, tun daga mai yadi har malamin firamare.

Ya ce, "Yaya, ke da kika yi boko har kina koya wa maza kwamfuta, ke ce da wannan zance?"

Na ce, "Don na san ta ne nake faɗa maka. Sa a cire."

Ya ce, "An fara liƙawa tun jiya, Yaya. In na ce a cire, gobe za a ce na janye. Ki yi mani addu'a kawai."

Na ce addu'a ina yi, amma ba zan yi ta ina kallon wuyanshi bisa kafaɗar mamaci ba. Ya yi dariya ya ce in shiga ciki matarshi ta dama fura. Ban shiga ba. Na ɗauki wata tsohuwar wuƙar kankare fenti a bakin bokitin na fita.

Wanda bai ga siyasar lokacin ba ba zai gane ba. Yaga fostar mutum daidai yake da zagin uwarshi a kasuwa, kuma kowane ɗan takara yana da ƙaurayen da ke gadin bangonshi. Na san haka sarai. Na ja hijabina na fara daga bakin titi, rana na dukan tsakiyar kaina, ina kankarewa ina yagawa, ina bin bango bango, fulawar ba ta gama bushewa a wasu ba sai su taho gaba ɗaya, wasu kuma sai na sa farce har ya fashe. Mutane suka fara tsayawa. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce, "Ɗiyar nan, ki rufa wa kanki asiri." Ban ko waiga ba. Na yi nisa, na share layi guda na shiga na biyu, sai na ji gudu a bayana.

Yaran Hamisu ne, amma ba 'yan unguwarmu ba, daga wani wuri uban gidanshi na siyasa ya kwaso mashi su, ba su san ni ba. Idanunsu jajur, ka san sun sha abin da suka sha. Na buɗe baki in ce ni yayarshi ce, gora ta sauka a bayana, na durƙushe, ta biyu ta same ni a kunne, duniya ta yi shiru sai wata ƙara siririya. Suka yi ta ƙwallo da ni, wani ya taka mani hannun da ke riƙe da wuƙar har na ji ƙashi ya ba da sauti, jini ya cika mani baki, kuma wallahi fostar da na yago tana cikin ɗaya hannun ban sake ta ba. Na ɗaga kai na ga wani dogo mai tabo a leɓe ya zaro adda daga cikin riga, ya ɗaga ta da hannu biyu. Na yi kalmar shahada.

Ashe wani ya ruga ya faɗa wa Hamisu ana kashe wata mata a kan fostarshi, shi kuma ya san ko wace ce. Ban ga zuwanshi ba. Na dai ji muryarshi yana cewa, "Kai, yayata ce," sai nauyinshi ya faɗo a kaina, sai wani sauti kamar an sari ɗanyen icce. Jininshi ya zubo mani a fuska da zafinshi. Yaran suka watse, mai addar ya bar ta a wurin, sai da wani mai faci ya zo ya zare ta. Tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Na cire hijabina a tsakiyar titi, ni da ko ƙofar gida ban taɓa fita babu lulluɓi ba, na cusa shi cikin ramin na danne da gwiwa har aka samo mota.

Hamisu ya rayu. Likita ya ce da addar ta matsa kamar faɗin yatsa da ba a kawo shi wurinsu ba. Dangi suka rabu biyu a kaina, wasu na cewa da na zauna gida na sha furata da ba abin da ya same shi, ni na kai shi bakin addar da ƙafata. Wasu na cewa fostocin da na yage ne suka rage mata ƙarfi. Ni dai ban yi nadama ba, in aka mai da ni ranar zan sake ɗaukar wuƙar. Abin da na sani shi ne, ranar da aka kwance mashi bandeji ina zaune gefen gado, ya ɗora hannun hagu bisa gwiwa don ya huta, sai na ga ɗan ƙaramin yatsan ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Likita ya ce jijiya ce ta yanke, ana ganin haka. To. Har yau bai miƙe ba, kuma Hamisu ba ya yarda a ɗauke shi hoto a zaune.

Da na warke na koma shago da taɓarya. Oga Lawal bai hana ni ba, shi da kanshi ya kwance na'urar ya miƙo mani ƙarfen da ke riƙe da ajiyar, na kai shi bayan shago na daka har ya zama tarkace, na bi diskit ɗin da ke cikin durowa na ƙone su. Na ce shi ke nan.

Shekaru suka wuce, diskit ya ɓace, aka zo zamanin da yaro ke yin fosta a wayar hannu yana kwance. Zaɓen da ya wuce na je tasha zan raka baƙuwa, sai na ga fostar wani saurayi a bayan wata motar haya, ban san shi ba, ban san ma garinsu ba. Farar shadda mai aiki har ƙasa. Hannun hagu bisa gwiwa. Na bi motar da gudu, da tsufana, ina dukan bayanta, direba ya ɗauka fasinja ce ya leƙo ya ce ta cika, ya ja ya tafi. A nan na tuna da musayar da muke yi da sauran shaguna. Allah kaɗai ya san na'ura nawa mai yadi yake zaune a ciki yanzu, ba kai, yana jira.

Kullum ina jin masu wannan harka a rediyo suna cewa sun kawo mana ci gaba, komai ya zo da sauƙi. Sauƙin ɗaukar abin wani ne suka kawo, kuma ba su taɓa zuwa jana'izar kowa ba. Ni dai shawarata gare ku, in za a yi maku hoto ku sa rigarku ko da ta koɗe, ku tsaya da jikin da Allah ya ba ku. In kuma an riga an yi, ɗauko shi yanzu ka duba. Kada ka tsaya kallon fuska, fuskar taka ce. Dubi hannun.