Mai Nasara da Idon Rake

Mai Nasara ya tsufa yana sayar da rake a tashar Tasawa, amma bai taɓa dasa ko gaɓa ɗaya ba. Motoci ke kawo masa daga gabas, shi kuwa ya kankare, ya sassare, ya jera a baro. Ban da wuƙa, abin da ya iya shi ne cika baki. In ka saurare shi, sai ka rantse shi ya koya wa rake zaƙi.

Abu guda ke cin ransa. A ƙauyensu, Hawandawaki, ba a sa shi cikin manoma. "Mai baro" suke ce masa, ya kuwa tsani sunan nan.

Wata shekara Madam Ramlatu, ma'aikaciyar binciken noma, ta zo ƙauyen da sabon iri. Ta ce sun daɗe suna haɗa aure tsakanin ire-iren rake, suna duba ƙwayoyin halittarsu, har suka samu wanda ba ya shan ruwa da yawa. Dami ɗaya ne rabon ƙauyen. Wani zai dasa a bakin tabki, in ya yi, baɗi a raba wa kowa. Kafin manoma su buɗe baki, gogan ya miƙe, wai duk wurin nan wa ya kai shi sanin rake. Aka miƙa masa damin. Madam ta fara bayanin dashe, ya katse ta.

"Bari, Madam. Tun ba a haihe ki ba nike riƙe da rake."

Da ya kwance damin a gida, sai ya ga sandunan duk datti, ga ƙullutu a kowace gaɓa. Shi ɗin, a ga rakensa haka? Ya jawo wuƙa ya kankare su tas, suka yi fari fat kamar na tasha. Ya binne, ya yi ta ban ruwa, yana jiran ranar da za a ce masa manomi.

Shiru, ba tsiro. Rannan yayarsa Zara'u ta tono gaɓa ɗaya, ta jujjuya ta.

"Mai Nasara, ina idanun? Ta nan fa shike tsirowa."

Ashe ƙullutun nan da ya kankare su ne idanun.

Yanzu yana tasha da baronsa. In mutanen Hawandawaki sun sauka daga mota, sai su tsaya su ƙare wa rakensa kallo, su ce, "Wanga na sha ne ko na dashe?" Su wuce ba su saya ba.