Yadda Na Riƙe Kofin Zoɓo

Ban taɓa ɗanɗana giya ba, amma a gidan abincin da na yi aiki a unguwar Zamalek babu wanda ya kai ni saninta. Karatun addini ne ya kawo ni Alƙahira. Da tallafin karatu ya tsaya, sai na shiga aikin kai abinci teburi. Mai wurin, wani ɗan Labanan mai saurin fushi, ya lura ina da kaifin hadda, sai ya ɗora ni a kan kwalaben giya.

Yadda na haddace littattafan fiƙihu, haka na haddace su. Wannan jar giyar mai nauyi ce, inabinta daga wani kwari na Labanan yake, inda rana ke gasa shi da yini, sanyin duwatsu ya kama shi da dare. Ba a haɗa ta da kifi, danne shi take yi. Gasasshen naman rago mai maiƙo take so, don baurinta ya yanke kitsen. Hanci kawai nake sa mata. In juya kofi, in shinshina, in zuba wa baƙo bayani yana gyaɗa kai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na iya aikin, wani lokacin har daɗin yabon nake ji. A wurin mutanenmu kuwa, Ustaz ne ni, mai ɗan taimakawa a wani gidan abinci.

A lokacin ina neman auren wata yarinya a unguwar Arba wa Nus, 'yar Hausawan Sudan. Mahaifinta direba ne a wani ofishin jakadanci, dattijo marar yawan magana, kuma bai riga ya ba ni amsa ba. Ranar babbar sallah ya gayyace ni cin naman layya. Na ci ado, na je ina ta sunkuye-sunkuye kamar wanda bai san komai ba sai littafi.

Aka kawo gasasshen nama, aka biyo shi da zoɓo, wanda can suke kira karkade, ja wur har ya yi duhu, a cikin kofunan gilashi masu doguwar ƙafa da ake fitarwa don baƙi. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi abin da ya saba ba. Na kama kofin ta ƙafa, na juya shi, na ɗaga shi wajen haske, na kai hanci. Bakina ma bai rufa min asiri ba: na ce wannan ba na Aswan ta Masar ba ne, ya fi shi nauyi, kuma shi ya dace da nama mai kitse irin wannan.

Yayyenta suka fashe da dariya, suka ce gaskiya ne, daga Kordofan ta Sudan aka kawo shi, Ustaz har zoɓo ya karanta. Dattijon bai yi dariya ba. Hannuna yake kallo. Kunya ta rufe ni.

Bayan la'asar ya rako ni bakin titi. Ya ce ya daɗe yana tsayawa a ƙofar liyafa da makullin mota a hannu, ya san masu juya kofi haka.

"Kana sha?"

"Wallahi, Baba, ban taɓa ba."

"Na yarda. Zubawa kake yi."

Na kasa ɗaga kai. Ya ce ma'alish, wato ba komai, shi ma kai su yake yi ya dawo da su a buge, ba shi da bakin zagina. Har na fara samun numfashi, sai ya ƙara da cewa:

"Amma ita tana gaya wa ƙawayenta malami za ta aura. Ni ba zan faɗa mata ba, ɗana. Ka faɗa mata da bakinka, sannan mu yi magana."

Ya juya ya koma gida. Motar unguwarmu ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ina tsaye ina kallon tagar benensu.