Kibiyar da ke mayar da rubutu

Shekarar da damina ta gaza, sojoji na kan mulki, ni ce mai buga takardu a wani shago kusa da tashar Matameye. Ordinata, wato kwamfuta, ɗaya gare mu, tsohuwa, ga nawa kamar jakin da ya ƙoshi.

Yayana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye wajen Icirnawa. Wata ranar kasuwa ya zo, ya ce in buga masa labarin yunwar ƙauyen, zai aika wa wata jarida a Yamai ba tare da sunansa ba. Yana faɗa ina bugawa: rumbunan da suka ƙare, mazan da suka tafi cin rani Kano, matan da ke jiƙa ƴaƴan itacen anza don rage ɗaci kafin a ci. Sai ya zo kan ƴarsa, wadda muka binne kafin shuka. Tun rasuwarta ban ji ya ambace ta ba. Ran nan ya faɗi komai, har yadda take ɓoye masa loma a cikin ɗankwali. Ina bugawa ina kuka.

Da ya gama ya ce, "Goge wannan. Kowa zai gane ni ne, su kore ni daga aiki."

Na goge, raina a ɓace. Can ya dafe kai. Sai na danna ƴar kibiyar nan mai lanƙwasa, maganar ta dawo cif.

"Ashe ana mayarwa?"

"Ana mayarwa, Yaya, muddin ba a rufe ba."

Daga nan ya samu abin yi. Goge, mayar, goge, mayar, har na ce masa ko mai cinikin akuya ya fi shi yanke shawara. Aka kira azahar tana goge. Ya ce in bar ta haka, zai yi tunani a masallaci.

Wutarmu daga Najeriya take zuwa, ba ta sallama in za ta tafi. Yana sahu ta ɗauke. Da ta dawo, sauran labarin na nan, kibiyar kuwa ta dushe, ko na danna ba ta motsi.

Ya shigo da sauri ya ce, "Mayar da ita. Su kore ni."

Na nuna masa. Na ce ya sake faɗa, ai hannuna na nan. Ya zauna.

"Sau ɗaya na iya," in ji shi.

Haka labarin ya tafi Yamai, babu ita a ciki.