Ƙwannafin Gidanmu

Har yau in na ji warin jiƙon kanwa sai zuciyata ta tashi. A gidanmu na Jibiya akwai wata baƙar ƙwarya da ke zaune a gindin randa, kullum da jar kanwa a jiƙe cikinta, bakinta ya yi fari da busasshiyar kumfa. Duk mazan gidan da ita suke sha. Da an gama cin tuwo Baba zai miƙa hannu ya kurɓa, ya dafe ƙirji, ya saki wata gyatsa mai tsami wadda dole ka kau da kai. Sannan ya ce alhamdu lillahi, sai ka ce wanda ya ci kaza. Tun ina 'yar mitsitsiya na tsani abin nan, shi ya sa kakarmu ta laƙaba mini Uwar Ƙyanƙyami.

Iya muke ce mata, ita ta haifi Baba. 'Yar Magama ce, aure ya kawo ta. Gidanmu na fataken hatsi ne masu kai gero da masara Maraɗi, amma bayan hatsi akwai abin da aka san mu da shi, wato ƙwannafi. Ba ɓoye shi ake yi ba, tinƙaho ake da shi. In saurayi ya fara dafe ƙirji bayan cin abinci, sai manya su yi murmushi su ce jini ya nuna. Wai ɗan gidan na halak ba ya rasa wuta a ciki. Kakanmu Malam da ita ya tafi, wansa ma haka, kowanne ya rame ya koma ƙashi da rai kafin ya cika. Ba wanda ya taɓa kiran abin ciwo. Gado ake ce masa.

Bayan magariba, in an kwashe tuwo, Iya takan jawo 'yar kujerarta kusa da murhu tana tura karan dawa cikin garwashi. Ni da yayana Sale mu tsugunna gabanta. Sale take kira maigidanta, tana tsokanarsa wai ko goro bai taɓa saya mata ba. Sai ta gyara murya ta ce, "To, ga ta nan ta taso tun daga Maraɗi, ko kwastan bai tare ta ba." Mu ce ta ƙaraso mu ji ta.

Tana da tatsuniyoyi barjat, amma akwai ɗaya da take maimaitawa har muka haddace, ta Na-Wuta. Wai a wani gari ɓeraye sun addabi jama'a, babu rumbun da ba su shiga ba. Kowa sai ya turara ɗan hayaƙin barkono, wasu su gudu, wasu su maƙale, a ci gaba da zama haka nan. Shi kuwa Na-Wuta ya gaji wata dabara daga ubansa. Da ya ga kashin ɓera ɗaya sai ya kwashe damman gero waje, ya cika rumbu da kara, ya banka wuta.

A nan Iya take samun abin da take so. Sai ta dube ni ta ce, "Ɓeraye na tsuwa, gashi na ƙauri, ciki na kumbura, fus, hanji waje. Ke Uwar Ƙyanƙyami, in ɗebo maki?" Ni in toshe baki ina yunƙurin amai, Sale yana birgima don dariya.

Gari ya yi ta yabon Na-Wuta, ana cewa ba a taɓa namiji irinsa ba. To amma kullum akwai ɓera guda da ke laɓe ƙarƙashin dutsen gindin rumbu, inda wuta ba ta kaiwa. In ta mutu sai ya fito ya hayayyafa. Shekara ta kewayo a sake bankawa. Bangon rumbu ya ƙone, ya tsage, a yaɓe da laka, ya sake tsagewa, tabo kan tabo. Wata damina sai wani abu mai kama da laimar kwaɗi ya tsiro a cikin tabon, yana yauƙi yana wari, ya ci bango ta ciki, rumbu ya rufta kan gero. Baƙin ciki ya kashe Na-Wuta. Ɗansa ya gina sabon rumbu, ya ga kashin ɓera, ya tafi neman kara.

"Ɓera dai kowa na da nashi," in ji Iya. "Wutar ce ba ɗaya ba."

Na tuna ranar da Baba yana kishingiɗe kan tabarma ya ce, "Ai Iya, Na-Wuta namiji ne. Ko ba komi bai zauna da ƙazanta ba." Iya ta dube shi, ta tofa ruwan goro cikin toka, ta ce mu tashi, ta ƙare. Kashegari Sale ya yini yana cewa shi ne Na-Wuta.

Ina shekara goma sha huɗu abin ya kayar da Baba. Loma biyu ya ce ya ƙoshi. Daga baya ya fara aman wani abu baƙi ƙirin mai gari-gari, da wani ƙarni wanda har yau ban ji irinsa ba. Ni da Iya muke fitar da tasar aman. Masu dubiya su shigo su ga mutum ya zama abin tausayi, sai su gyaɗa kai su ce, "Irin ta Malam ce sak, ya gado." Wallahi da murmushi suke faɗa. Ƙyamar da na yi wa maganar nan ta fi wadda na yi wa tasar. Wata safiya muna goge ta da toka Iya ta ce, "Na uku ke nan da nike wanke ma tasa a gidan ga. Ban san sunan abin ba, amma na san ba abin yabo ba ne." Ba a jima ba Baba ya cika. Iya ba ta ƙara yin tatsuniyar Na-Wuta ba har ta rasu.

Na yi aure a Katsina, ina koyarwa a firamare. Bayan haihuwata ta biyu wutar ta taso mini nima. Ba wayo ne ya kai ni asibiti ba, tsabar ƙyamar kanwa ce. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta sa aka yi gwaji, ta tambayi tarihin gidanmu, na lissafa mata. Ta ajiye biro ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbin mutane da yawa tun suna yara, akasarinsu har su tsufa ba ta kai su ga wani mugun abu. Jiki yana yaƙarta da kumburi, kuma ƙarfin kumburin nan yana cikin ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyaye. Na wasu kaɗan ne. Na wasu kuwa ya wuce kima, shekara da shekaru yana cin bangon tumbi, har wurin ya lalace, ciwon daji ya fi samun sauƙin tsirowa. Ta ce ba za ta rantse haka namu yake ba, kuma gado ba hukunci ba ne, amma gida mai irin tarihinmu bai kamata ya zauna da ƙwayar nan ba. Ana kashe ta da magani na mako biyu. Ita kanwa, in ji ta, tana kwantar da zafin na ɗan lokaci ne, mutum ya zaci ya samu lafiya.

Ina zaune gabanta sai na tuna Iya. Tsohuwar da ko alif ba ta sani ba ta yi shekaru tana faɗa mana a bakin murhu, mu muna dariyar hanjin ɓera.

Na sha maganina, na hau mota sai Jibiya. Na tarar da Sale a bakin boda cikin layin manyan motoci, ana ɗora masa buhunan masara. Ya rame, har ya huda wa bel ɗinsa sabbin ramuka. A ƙarƙashin kujerar motar ga gorar roba cike da jiƙon kanwa. Na zayyana masa komai, na ce, "Yaya, don Allah mu je a duba ka. Kyamara ce 'yar ƙarama za a zura ta maƙogwaro."

Ya yi dariya har da tari. "A zura mani tiyo a baki kamar tankin mai? Ke Hadiza, boko ya ɓata ki. Ubanmu da kakanmu duk da ita suka rayu."

"Da ita suka mutu, Yaya."

"To dā dawwama za su yi?" Ya ɗaga gorar ya kurɓa a gabana, ya yi gyatsa, abokansa direbobi suna tayawa da dariya. Na juya na tafi, ban ko yi masa sallama ba. Na sake zuwa sau biyu, na yi waya har ya daina ɗauka. Daga nan na yi fushi na ƙyale shi, kuma wannan fushin ina jin kunyarsa.

Bayan shekara uku matarsa Rabi ta kira ni tana kuka, ta ce ya fara baƙin amai. Wannan karon bai yi gardama ba, don ba shi da ƙarfin yi. Aka zura kyamarar, aka yi hoto. Likita ya kira ni gefe ya ce abin ya riga ya bazu, mu kai shi gida, duk abin da ransa ke so a ba shi.

Yanzu ni nake fitar da tasa. Dangi suna shigowa suna cewa ya gado, ni kuma in ce musu ciwon daji ne, da sunansa, kuma kowa ya kai 'ya'yansa gwaji. Wasu sun daina gaishe ni. Ko a jikina.

Jiya da la'asar Rabi ta same ni a tsakar gida ta ce, "Anti, yana ta roƙon kanwa. In hana shi?" Na ce ta bari. Na ɗauko kofi, na jiƙa da hannuna, na tallafo kansa na ba shi. Ya sha kurɓi biyu, ya dube ni ya ce, "Kin gani, ta fi maganinku." Na ce masa e, Yaya.